An gyara buwat otomatik amma giya ta ƙi zama daidai: tambayoyin masu mota a Damagaram

Babu abin da ke ƙona ran mai mota kamar ya zuba kuɗi masu kauri a sauke masa buwat otomatik (akwatin giya mai canza giya da kansa), a wargaza ta, a sa sabbin kaya, ya karɓi makulli da murna, kafin ya kai Mirya giya ta fara fizga. A nan Damagaram motocin da abin ya fi shafa su ne Hilux da Land Cruiser da Prado, masu ɗauke da buwat ƙirar Aisin. Ga tambayoyin da direbobi suka fi kawo mini gareji. Roƙona ɗaya ne kafin mu shiga: kada a yi gaggawar sake sauke buwat, domin sau da yawa ciwon yana wajenta ne, ba a cikinta ba.

Jiya aka gama aiki, yau in na sa giya sai ta yi jinkiri kafin ta kama. Makanike ya ɓata aikin ke nan?

Ba lallai ba ne. Fara da man buwat. Buwat da aka wargaza komai nata a bushe yake komawa: kwambata (tukunyar man nan da ke tsakanin inji da buwat), bututai, da ma'ajiyar sanyaya mai da ke gindin lagireto. Man da aka zuba a gareji yana iya nuna ya cika, amma da mota ta yi tafiyar farko sai waɗannan wurare su sha rabonsu, awo ya sauka.

Ga yadda ake dubawa. A yi tafiya har inji ya yi zafi, a tsaya a wuri mai daidai, ba kan gangare ba. Inji na aiki, ƙafa kan birki, a bi da hannun giya kowane matsayi daga P har L, a komo P, sannan a zaro sandar awo, a share, a mayar, a sake zarowa. Mai ya tsaya a alamar HOT. Wanda ya auna inji a kashe ya yaudari kansa. Yawan mai ma illa ne, don ƙarafan da ke juyawa za su kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse faranti (fayafayan cikin buwat da mai ke matsewa don giya ta kama).

A ma'aunin Toyota, daga N zuwa D bai kamata a wuce daƙiƙa 1.2 ba, zuwa ribas kuma 1.5. In har kana iya ƙirga uku ko huɗu kafin mota ta motsa, akwai magana. Sabbin motoci da yawa ba su da sandar awo. Ana daidaita mansu ne ta wata ƙusa da ke ƙarƙashin kaskon man buwat, a wani ƙayyadadden zafi da na'ura ke nunawa. Wannan ba aikin kirdado ba ne.

Mai ai mai ne, tunda duk ja ne?

A'a. Tsofaffin buwat masu giya huɗu Dexron suke sha ko T-IV, na baya-bayan nan kuma WS, kuma ba a musanya su. Duba abin da aka rubuta a kan sandar awo ko a littafin mota. Ka ce a nuna maka gwangwanin da aka zuba maka, a rufe kafin a fasa. Man da ake aunawa a kwalba ba suna, ka bar shi inda ka gan shi.

Tana buga giya da ƙarfi kamar an daki mota ta baya. Wani lokaci kuma inji ya yi ta kuka mota ba ta ja.

In motarka ta tsohon yayi ce mai buwat A340, akwai wata waya da ta taso daga totur ta gangara cikin buwat. Ita ke gaya wa buwat yawan ƙarfin da za ta matsa mai. In an ɗaure ta da yawa, giya ta riƙa bugu. In ta yi sako-sako, ƙarfin mai ya ragu, faranti su riƙa zamewa, inji na kuka a banza. Na biyun ya fi haɗari, domin sabbin farantin da ka saya suna cin wuta ne a hankali ba ka sani ba. A jikin wayar akwai wani ɗan ƙulli na ƙarfe da masana'anta ta sa, kuma tazararsa da bakin robar da ke rufe wayar ba ta wuce milimita 1.

Ban manta wani dattijo mai jigilar kaya zuwa Magarya ba. Ya zo da Hilux ɗinsa ransa a ɓace, an riga an faɗa masa a wani gareji cewa sai an sake saukewa. Ya ce mini, "Ɗana, ka duba mini don Allah, kuɗin sun ƙare." Na ce, "Baba, a buɗe mini gaban mota tukuna." Wayar nan tana lilo, goro ɗaya ba a ɗaure ba. Sifana biyu, minti goma, muka zaga har hanyar Tanut muka komo giya na shiga lami lafiya. Da ya ƙara mako biyu a haka, da maganar wancan gareji ta zama gaskiya.

A duba sandar da ta haɗa hannun giya da buwat ita ma. In ba a saita ta ba, allo zai nuna D alhali a ciki bawul ɗin da ke zaɓar giya yana tsakanin D da N.

Mota ta tsaya a giya ɗaya, tashi da nauyi kamar tana jan tirela, ga fitila ta kama a allo.

Wannan kusan kullum maganar lantarki ce. Kwamfuta ce ke ba da umarnin canjin giya ta hannun solonoyid (ƙananan bawuloli na lantarki da ke buɗe wa mai hanya), tana dogara da abin da sansoshin (na'urorin awon) gudu da na totur suka gaya mata. In ta rasa labari daga ɗayansu sai ta kulle buwat a giya ɗaya don kare ta. Ka tuna duk soket ɗin da ke jikin buwat an cire shi lokacin saukewa, kuma sau da yawa yaran gareji ne ke mayarwa da yamma, kowa ya gaji. Soket da bai shiga ya yi ƙas ba, fil da ya lanƙwashe, wayar mas (mai haɗa lantarki da jikin mota) da aka manta a rataye, waya da ta matsu tsakanin inji da buwat: waɗannan nake fara nema da tocila.

Sannan a sa baliz, na'urar karanta kwamfutar mota. P0715 da P0720 na sansoshin gudu ne, P0750 da P0755 na solonoyid, P0705 na makunnin da ke gane matsayin hannun giya, P0741 kuma na kullewar kwambata (lokacin da take haɗe inji da buwat kai tsaye). A tsofaffin Toyota fitilar O/D OFF ce ke ƙyafta lambar. 62 da 63 solonoyid ne. Amma lamba tana nuna hanya ce kawai. In ta ce solonoyid, a auna wayarsa kafin a tura Kano a sayo sabo.

Da safe ba ta shiga giyar ƙarshe sai na yi tafiya mai nisa.

Tambayata gare ka: an cire tamostat (bawul ɗin da ke tsare ruwan inji har ya yi ɗumi)? Al'adarmu ce a nan, saboda tsoron zafi. To kwamfuta ba ta barin giyar ƙarshe da kullewar kwambata sai ruwan inji ya yi ɗumi. Da sanyin hunturu, a Disamba da Janairu, injin da ba tamostat yana daɗewa bai kai wannan zafi ba. Buwat ba ta da laifi. A mayar da tamostat.

An ce mini wai sai motar ta "koyi" sabuwar buwat. Gaskiya ne ko hanyar kora ta ce?

Da gaskiya a ciki, ga masu giya biyar da shida. Kwamfutarsu ta saba da tsofaffin faranti da suka cinye, tana ƙara musu ƙarfi. Bayan gyara dole a goge wannan ajiya da baliz, a yi tuƙi a hankali ta bi giyoyin duka sau da dama. Ɗan taurin canji a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Zamewa da ƙaurin mai kuwa babu koyon da ke gyara su.

Ta yi lafiya lau mako biyu ko uku, sai ciwon farko ya dawo.

Nan ne zuciyata ta fi sosuwa, domin asarar da ake iya kaucewa ce. Lokacin da tsohuwar buwat ta lalace, garin faranti da ɓarɓashin ƙarfe sun bi mai sun zaga ko'ina. Sun kwanta a kwambata, sun kwanta a bututai da ma'ajiyar sanyaya mai. Kwambata a rufe take da walda, ba ta wankuwa da fetur a cikin daro, ko da an girgiza ta yini guda. In aka mayar da ita haka, aka kuma bar bututai ba a wanke ba, to an zuba ruwa mai tsabta ne a randar da ba a ɗauraye ba. Dattin zai taso ya toshe matatar man buwat, ya maƙale a solonoyid da ƙananan bawuloli.

Shi ya sa tun kafin aiki ka tambayi makanike ƙarara: za a canza kwambata? Za a wanke hanyar lagireto? In ya ce za a ƙara kuɗi, ka ƙara. Idan kuma ka ga man ya koma kalar madara da aka zuba wa jan abu, ma'ajiyar cikin lagireto ta fashe ruwa na shiga. Ruwa na ɓamɓare fatar faranti, kuma sai an canza lagireto ko an raba hanyar man da ita.

To yaushe za a tabbata laifin yana ciki?

Ɗiga man a farar takarda. Ja mai haske, lafiya. Baƙi-baƙi mai ƙaurin ƙuna bayan ƴan kwanaki da gyara, wani abu na ƙonewa, a ajiye mota. A kwance kasko a duba maganaɗisun da ke ciki: laushin toka kaɗan ba komai, amma ɓarɓashi mai ƙyalli da kake ji a yatsa ba alheri ba ne. Sai a ɗaura agogon awon ƙarfin mai a gwada a D da R. In mai ya cika, waya daidai, lantarki lafiya, ƙarfi kuma bai kai ba, ko giya ɗaya tak ce ta ɓace tun ranar farko, to aikin ciki ne. Wataƙila roba ta yanke wajen sawa, ko ɗaya daga ƙananan ƙwallayen allon bawul (inda mai ke rarrabuwa zuwa giyoyi) ya faɗa ramin da ba nasa ba, ko an ɗora faranti a bushe, alhali ƙa'ida a jiƙa su cikin mai aƙalla minti 15. Allon bawul ana iya ciro shi ta ƙasa ba tare da sauke buwat ba, don haka da shi ake farawa. Kuma ka koma wa wanda ya yi aikin kafin wani ya taɓa, in ba haka ba ka sauke masa nauyi.

Zan iya ɗaukar kaya in kama hanyar Agadas da zarar an gama?

Ka yi haƙuri kwana biyu. Zaga gari tukuna, daga Birni zuwa Zango, tsaya-tashi, sannan ka hau kwalta zuwa Mirya ko Takeita ba kaya, kana sauraron kowane canji. Ka komo a sake auna mai, a leƙa ƙasa ko akwai ɗiga a bakin bututai. Bayan Tanut zafin Afrilu da Mayu ya wuce digiri 40, ga rairayi, ga lodi, kuma zafi ne babban makashin man buwat. In ka shiga yashi mai zurfi ka sa L4 (giyar ƙarfi mai jan tayoyi huɗu) maimakon ka bar kwambata na ta dakan mai, in ka kafe kada ka yi ta wurga giya tsakanin D da R taya na juyawa. Ka tafi da lita biyu na irin man da aka zuba maka, da mazurari mai tsabta a ƙulle cikin leda.