Ƙaramar tunkiya ba yunwa ce ta tsumbure ta ba

An daɗe ana cewa tunkiyar da ba ta kai Balami girma ba rashin abinci ne ya hana ta. Ba haka ba ne, iri ne daban. Dubi 'Yankasa, fara mai baƙi a kewayen ido da baki da kunne. Ita ta fi yawa a Nijeriya, kuma da karan dawa da ƙaiƙayi takan fita rani. Gajerun tumakin kudu kuwa suna jure sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, inda Uda da Balami ke saurin kwantawa.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake sakar wa kowane garke ƙaton rago na wani iri daban don kasuwar layya. Bayan 'yan haihuwa kaɗan, sai ka nemi tsantsar 'Yankasa a garken ka rasa.