104K a jikin kafasita ba dubu 104 ba ne

Jama'a, musamman ƙannena masu koyon gyaran rediyo da talabijin, akwai wani kuskure da ya daɗe yana yawo a shagunan gyara. Mutum zai ɗauko 'yar kafasitan nan mai riƙe cajin lantarki, mai kama da ƙwayar magani, ya ga an rubuta 104K, sai ya ce ai dubu 104 ce tunda K a lissafin resista, wato abin rage gudun lantarki, dubu take nufi. Wallahi ba haka ba ne.

Lamba ta uku yawan sifili ce, wato ka rubuta 10 ka jera mata sifili huɗu, ya zama 100,000 a ma'aunin kafasita da ake kira pikofarad, shi ne dai nanofarad 100 ko maikrofarad 0.1. Ita kuwa K tana nuna iya saɓanin da aka yarda da shi ne, kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa, J kashi 5, M kuma kashi 20. To in ka ɗora ta a mita ka ga nanofarad 93 ko 107 don Allah kar ka jefar, lafiyarta ƙalau, abin na ƙona min rai in na ga ana zubar da masu kyau. Haka 473J ma, nanofarad 47 ce, saɓaninta kashi 5.