Mazaɓa ta 15 ta Jihar New York (Bronx)

Mazaɓa ta 15 ta Jihar New York ɗaya ce daga cikin kujeru 435 na Majalisar Wakilan Amurka, kuma gaba ɗayanta tana cikin Bronx, wato yankin arewa na birnin New York, wanda shi kaɗai ne cikin yankuna biyar na birnin da yake manne da doron ƙasar ba a kan tsibiri ba. Mutanen cikinta sun kai wajen 777,000, domin a kan wannan adadin aka raba jihar bayan ƙidayar 2020, lokacin da New York ta rasa kujera ɗaya ta koma 26 daga 27, kuma abin haushin da mutum 89 kacal aka ƙara ƙirgawa da ba ta rasa ba. Tun Janairun 2021 Ritchie Torres na jam'iyyar Dimokurat ne ke wakiltarta. Abin da aka fi saninta da shi dai shi ne talauci, shekara da shekaru ita ake kira mazaɓar da ta fi kowace talauci a Amurka, alhali jirgin ƙasa na 'yan mintoci ne tsakaninta da unguwannin manyan attajirai na Manhattan.

Unguwanni da iyaka

Zuciyar mazaɓar ita ce Kudancin Bronx, unguwanni irin su Mott Haven, Melrose, Morrisania, Highbridge da Tremont. Filin wasan ƙungiyar ƙwallon baseball ta Yankees yana ciki, haka gidan zu na Bronx da Jami'ar Fordham da Belmont, tsohuwar unguwar Italiyawa. Iyakar fa ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A 2022 kotun ƙoli ta jihar ta yi watsi da taswirar da 'yan Dimokurat suka zana a majalisar jiha, aka ba wani masani Jonathan Cervas ya sake zanawa, shi ne aka tura Hunts Point zuwa mazaɓa ta 14 ta Alexandria Ocasio-Cortez, aka kuma jawo Riverdale ciki, unguwar masu hali mai Yahudawa da yawa can arewa maso yamma a bakin kogin Hudson. Wannan sauyin ya taɓa komai, har alƙaluman kuɗin shiga da irin maganganun da ɗan majalisa zai iya yi ya kwana lafiya.

Su wa ke zaune a ciki

Sama da rabin mutanen 'yan asalin Latin Amurka ne masu jin Sifaniyanci, sai baƙar fata da suke wajen kashi ɗaya cikin uku. Da can ba haka take ba, kafin Yaƙin Duniya na Biyu Yahudawa ne da 'yan Ailan da Italiyawa suka cika gidajen benen nan, daga shekarun 1940 zuwa 1950 'yan Puerto Rico da baƙaƙen fata daga kudancin Amurka suka fara shigowa, Turawan suna ficewa zuwa bayan gari. Yanzu kuma 'yan Jamhuriyar Dominika sun fi 'yan Puerto Rico yawa a Bronx.

Daga shekarun 1980 zuwa 1990 'yan Afirka ta Yamma suka ƙaru sosai, 'yan Ghana a gaba, sai 'yan Gambiya, Gini, Mali, Senegal, Najeriya da Nijar, da yawa ta hanyar cacar biza da dokar shige da fice ta 1990 ta kawo. Cikin 'yan Ghanar akwai Hausawan zango daga Kumasi da Nima ta Accra, suna da masallatai da ƙungiyoyinsu, ciki har da ƙungiyar 'Yankasa, don haka a wasu titunan gefen babban titin Grand Concourse mutum zai ji Hausa a shagon kayan miya ko bayan sallar Juma'a ba tare da ya nema ba. Gobarar benen Twin Parks ta 9 ga Janairun 2022 ita ta fito da wannan al'umma a idon duniya ta hanya mafi ɗaci, mutum 17 suka rasu, takwas yara ne, galibinsu Musulmi 'yan asalin Gambiya, kuma hita ce ta ɗumama ɗaki ta jawo wutar, hayaƙi ya bi ƙofofin da ya kamata su rufe da kansu amma ba su rufe ba.

Tattalin arziki

Talaucin nan yana da tarihi, ba daga sama ya faɗo ba. Tsakanin 1948 da 1972 Robert Moses, babban jami'in gine-gine na birnin, ya ratsa babbar hanyar Cross Bronx ta tsakiyar unguwanni, aka rushe gidaje aka kori dubban iyalai, masana'antu suka rufe, bankuna suka daina ba da rancen gyaran gida a yankin, sannan a shekarun 1970 gobara ta yi ta cin benaye, wasu ma masu gidajen ne ke sa a cinna wutar don su karɓi kuɗin inshora, a daidai lokacin da birnin ya talauce yana rufe ofisoshin 'yan kwana-kwana. Shugaba Jimmy Carter ya je titin Charlotte a Oktoban 1977 ya tsaya cikin kufai aka ɗauke shi hoto, Ronald Reagan ma ya je wurin a 1980 lokacin kamfe. An sake gina yankin daga baya, kufan sun ɓace, amma alƙaluman wajajen 2010 sun nuna kusan mutum 4 cikin 10 na mazaɓar ta wancan lokacin suna ƙasa da layin talauci.

Yau aikin da ya fi ɗaukar mutane shi ne na lafiya, asibitocin Montefiore su ne kan gaba wajen ɗaukar ma'aikata a Bronx, sai masu kula da tsofaffi a gida wanda yawanci mata ne baƙi, sai tuƙin tasi da Uber, gadi, kai saƙon abinci a kan keke, kitso da ƙananan shaguna. Mafi ƙarancin albashi a birnin ya kai dala 16.50 a awa a 2025, wanda in ka canza shi zuwa naira ko sidi sai ka ce ai an haye, amma haya ce ke lashe shi. Galibin mutane 'yan haya ne, da yawa a gidajen gwamnati na hukumar NYCHA da suka sha ƙorafi kan rashin ɗumi da lifta da ta lalace, kuma dubban gidaje sun dogara da katin tallafin abinci da inshorar lafiya ta Medicaid. Ga ciwon asma da ya yi katutu a Mott Haven saboda hayaƙin manyan motoci.

Siyasa

A nan zaɓen fidda gwani na Dimokurat shi ne ainihin zaɓe, na Nuwamba cika sharaɗi ne kawai. Herman Badillo, ɗan Puerto Rico na farko mai cikakkiyar ƙuri'a a majalisar, daga Kudancin Bronx aka zaɓe shi a 1970, Robert Garcia ya gaje shi a 1978, sai José Serrano da ya zauna daga 1990 har 2021, lambar mazaɓar na canzawa daga 18 zuwa 16 zuwa 15 shi yana nan. Da ya sanar a 2019 cewa yana fama da cutar Parkinson ba zai sake takara ba, 'yan takara fiye da goma suka fito, Torres wanda ya taso a gidan gwamnati a Throggs Neck ya kuma zama kansila yana ɗan shekara 25 ya ci da kashi 32 cikin ɗari, ya kada Rubén Díaz babba, fasto mai ra'ayin riƙau. Ƙuri'u ba su da yawa dama, don ƙidaya tana lissafa kowa har wanda ba ɗan ƙasa ba, amma zaɓe sai mai takardar ɗan ƙasa.

Torres ya fi magana kan gidajen gwamnati da dokar kariyar gobara da batun rufe saman hanyar Cross Bronx, amma a waje an fi saninsa da goyon bayan Isra'ila ba ji ba gani, abin da ya raba shi da 'yan gaba-dai-gaba-dai na jam'iyyarsa bayan yaƙin Gaza, yake kuma jawo masa suka daga Musulmin mazaɓar, ko da yake a Riverdale riba yake ci da shi.

Barack Obama ya samu kusan kashi 97 cikin ɗari a mazaɓar a 2012. Daga nan abin ya fara zamewa, a Bronx gaba ɗaya Donald Trump ya tashi daga wajen kashi 10 a 2016 zuwa 16 a 2020 zuwa kusan 27 a 2024, shekarar da ya yi gangami a filin shaƙatawa na Crotona a watan Mayu, tsakiyar mazaɓar. Tsadar kaya da haya da batun tsaro da kuma sababbin baƙin da birnin ya sauke a otal-otal daga 2022 su ne abubuwan da masu sauya sheƙar suka fi ambata, kuma da yawansu su kansu baƙin jiya ne.