Raƙuman dawan Gadabeji: me ya dawo da su, kuma za su zauna?

Da yawa daga mutanen Maraɗi sai su ji labarin raƙumin dawa su ɗauka zancen Kure ne, can kusa da Yamai. Alhali tun 2018 akwai su a cikin jiharmu. Ga wasu tambayoyin da ake yawan yi.

Ina ne Gadabeji, kuma me ke cikinsa?

Gandun daji ne a arewa da Dakoro, a ƙasar makiyaya, mai faɗin hekta kusan 76,000. An keɓe shi a 1955, musamman domin mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa baya. Maririn ya ƙare, raƙumin dawa ma ya ɓace daga wurin tun wajen farin shekarun 1970, ga fari ga farauta. Barewa da dila da tsuntsaye ne suka rage. A 2017 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin jerin wuraren da ake so mutum da dabbar daji su rayu tare.

Tunda akwai su a Kure, me ya sa aka kwaso wasu?

Domin irin wannan raƙumin dawa na Afirka ta Yamma a Nijar kaɗai ya rage a daji. Da can yana yawo daga Senegal har zuwa tafkin Cadi. A tsakiyar shekarun 1990 da aka ƙirga, 49 kacal aka samu. Da gwamnati ta tsananta hana kisansu, mutanen ƙauyukan ma suka ba da hannu, sai suka hayayyafa har suka haura 600.

Amma kafin 2018 dukansu wuri guda suke, a cikin gonakin mutane, suna cin wake da mangwaro, motoci na kaɗe su a kan babbar hanya. Annoba ɗaya ko fari mai tsanani na iya gamawa da su. Ga kuma tsaro: harin watan Agustan 2020 a Kure, wanda ya kashe mutum 8, ya nuna cewa masu bincike da masu yawon buɗe ido na iya rasa hanyar zuwa wurin a dare ɗaya. A watan Nuwamban 2018 gwamnati, tare da ƙungiyoyin Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation, ta ɗauko guda 8 a mota, tafiyar fiye da kilomita 800. A 2022 aka ƙaro 4.

Ta yaya ake ƙirga dabbar da ke yawo a daji ba tare da an maimaita ba?

Nan ne aikin yake da daɗi. Zanen jikin kowane raƙumin dawa nasa ne shi kaɗai, kuma ba ya sauyawa daga haihuwa har mutuwa. Sai a ɗauki hoton gefen dama da na hagu, a ba shi lamba, a rubuta mace ce ko namiji, babba ko ƙarami. Baɗi idan an dawo, a gwada sabon hoto da na kundi. Da haka ake sanin wace ta haihu, wane ɗa ya rayu, wane ne aka daina gani. Makiyayi ba zai yi mamaki ba, shi ma haka yake sanin shanunsa ɗaya bayan ɗaya.

Wasu kuma ana ɗaura musu ƙaramar na'ura mai aiki da hasken rana, tana aika wurin da suke ta tauraron ɗan Adam. Ita ke nuna inda suke kiwo da rani, da lokacin da suka fita daga gandun suka doshi rijiyoyi ko ƙauyuka. Sa na'urar ba wasa ba ne: sai an harbi dabbar da allurar barci, kuma dole a farkar da ita cikin gaggawa, domin doguwar suma na iya kashe ta.

Ba za su cinye wa dabbobinmu ciyawa ba?

A'a. Raƙumin dawa sama yake kiwo, ganyen ƙaya da aduwa da gawo, inda saniya da tunkiya ba sa kaiwa. Abokin takararsa na gaskiya shi ne gatari: mai sassabe reshe don ba awaki da rani, da mai saran itacen sayarwa. A nan Maraɗi tana da abin koyarwa. Sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a ƙone shi, daga nan ya bazu tun shekarun 1980, kuma hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna ya farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar. Abin da manomi ya yi a gonarsa yana da wuyar yi a makiyaya, inda itacen na kowa ne.

An yi nasara ke nan?

Da saura. Sun fara haihuwa a Gadabeji, wannan alama ce mai kyau. Sai dai cikin raƙumar dawa wata 15 ne, ɗa guda take haifa, kuma garken da ya tashi daga iyaye 12 zai yi ta barbarar dangi idan ba a ƙaro sabon jini ba. A ganina ranar sauke su daga mota, da jawabai da hotuna, ita ce mafi sauƙi a duk aikin. Mai wuyar shi ne man sintiri, da albashin ma'aikatan gandun daji, da ƙidaya kowace shekara ko da kuɗin waje ya tsaya. Ya kamata Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wadda ke da tsangayar noma da muhalli, ta riƙa tura ɗalibai su riƙe kundin da kansu.

Sauran dabbobin fa?

An kawo jimina mai jan wuya daga cibiyar kiwonta da ke Kelle a jihar Damagaram. Mariri kuwa, wanda aka bayyana ƙarewarsa a daji a 2000, an sake shi a Cadi tun 2016 kuma yana haihuwa a can, don haka masana na duban Gadabeji a matsayin wurin da zai iya komawa. Wadda aka fi mantawa da ita ita ce ungulu. Da ta cika mahautar kowane gari, yanzu sai a yi kwanaki ba a ga ɗaya ba, saboda guba da kuma cinikin kawunansu don magani a kasuwannin Nijar da Najeriya.