Wuraren nutso da halittun teku a kewayen Zanzibar

Zanzibar tarin tsibirai ne na ƙasar Tanzaniya a cikin Tekun Indiya, manyansu biyu su ne Unguja da Pemba. Ruwan wajen yana da ɗumi duk shekara, tsakanin digiri 25 zuwa 29, kuma garau yake, har mai nutso kan hangi abin da ke gabansa da tazarar mita 20. Wanda ya saba da tabkin Madarunfa ko Gulbin Maradi da damina, inda in ka nutse ko tafin hannunka ba ka gani, sai ya yi da gaske kafin ya yarda da haka.

Ana nutson ne da tukunyar iska goye a baya. Jacques Cousteau da Émile Gagnan ne suka ƙera na'urar da ke daidaita fitar iskar a Faransa a 1943. Duk mita 10 da mutum ya sauka, matsin ruwa a jikinsa na ƙaruwa daidai da na iskar da ke doron ƙasa, shi ya sa sabon shiga ba ya wuce mita 18, gwani mai nutson shaƙatawa kuma ya tsaya a 40. Fitowa ma a hankali ake yi, don iskar naitirojin da jini ya sha kan zama kumfa in aka yi gaggawa, ta kai ga shanyewar jiki ko ajali.

Duk arzikin wannan ruwa a kan murjani ya dogara. Ba jan murjanin da mata ke sawa a wuya ba ne, wanda akasari daga Bahar Rum yake zuwa. Na Zanzibar ƙananan dabbobi ne masu rai da ke gina wa kansu gida na farar ƙasa, wani kan wani, shekaru aru-aru, har ya zama tudu a ƙarƙashin ruwa. Cikin tsokarsu akwai ɗan tsiron da ke samar musu abinci da hasken rana, shi ne kuma ke ba su launi. In ruwa ya yi zafi fiye da ƙima sai su fitar da tsiron, su yi fari fat, in zafin ya daɗe su mutu. Haka ta faru a 1998 a mafi yawan yammacin Tekun Indiya. A tsakankanin rassan murjanin kifaye ke ƙyanƙyasa da ɓuya, saboda haka mutuwarsa masunci ne take fara taɓawa, tun kafin ta kai ga mai yawon buɗe ido.

Wurin da ya fi suna shi ne ɗan tsibirin Mnemba, a arewa maso gabashin Unguja, inda kififiyar teku ke hawa rairayi ta yi ƙwai. Yawan jiragen baƙi ya yi wa murjanin wajen illa, abin takaici. Leven Bank, wani tudu a ƙarƙashin teku a arewa da garin Nungwi da ke arewacin Unguja, na gwanaye ne saboda ƙarfin igiyar ruwa. A kudancin Unguja, kusa da garin Kizimkazi, ana ganin dolfin, wanda ba kifi ba ne, dabba ce mai shayarwa. Pemba kuwa gangarenta a tsaye yake kamar bango, yana faɗawa cikin mashigi mai zurfin ɗaruruwan mitoci.

Tsibirin Chumbe ya cancanci yabo. Tun 1994 aka hana kamun kifi a gaɓarsa ta yamma, kuma an ƙirga nau'in murjani mai tauri kimanin 200 a wajen. Baƙi iyo suke yi a saman ruwa da madubin fuska, nutso da tukunya sai masu bincike. A tsibirin Misali, kusa da Pemba, malaman addini sun shiga aikin kariya, suna karantar da masunta ayoyin da suka hana ɓarna a bayan ƙasa, don a daina fasa murjani da nakiya.

Daga Maris zuwa Mayu ake manyan ruwan sama, teku ya gurɓace, nutso ya ragu. Yakan kankama daga Yuni zuwa Oktoba, sai kuma daga Disamba zuwa Fabrairu.