Zubewar Gashi ta Dindindin ga Mata

Zubewar gashi ta dindindin ita ce wadda saiwar gashi ke mutuwa a cikin fatar kai, tabo ya maye gurbinta, ta yadda gashi ba zai sake tsirowa a wurin ba. Ta bambanta da zubewar yau da kullum, domin mai lafiya kan zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. Haka kuma ta bambanta da wadda ke samun mai jego wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, da wadda ƙarancin jini ke haddasawa, domin waɗannan sukan dawo idan sanadin ya kau.

Sanadin da ya fi kusa da matan Sakkwato, kamar sauran matan ƙasar Hausa, shi ne kitso mai tsauri. Idan makitsiya ta ja gashi har ƙuraje suka feso a goshi, sannan aka ɗora ƙarin gashi mai nauyi, aka yi ta maimaita hakan shekara da shekaru, sai gaban goshi da gefen kunnuwa su fara cinyewa. Da farko gashin yakan dawo idan aka sassauta, amma da zarar wurin ya yi santsi yana ƙyalli, saiwar ta riga ta mutu. Abin tausayi shi ne tun ana yarinya ake fara wannan ja, kuma ɗankwali yakan ɓoye ɓarnar har sai ta yi nisa. Man miƙar da gashi da ke ƙona fatar kai yana ƙara tsananta lamarin.

Akwai kuma wani kumburin saiwar gashi da ya fi kama mata baƙar fata, wanda ke farawa daga tsakiyar kai yana faɗaɗa a hankali, wani lokaci da ƙaiƙayi ko zafi. Cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke far wa jikin mai ita, da makero mai ruwa da aka bari ba magani su ma suna barin tabo. Sanƙon gado kuwa yakan sirantar da gashin tsakiyar kai, musamman bayan ɗaukewar al'ada.

Yawancin magungunan da ke zubar da gashi, irin su warfarin mai tsinka jini da balfurowet na farfaɗiya, illarsu ta ɗan lokaci ce. Haka ma akasarin magungunan sankara, gashi kan dawo cikin watanni bayan kammala su. Sai dai dosetaksel, wanda ake bai wa masu sankarar mama, da busulfan, da ake amfani da shi kafin dashen ɓargo, suna iya hana gashin wasu mata dawowa yadda yake, kuma gashin ƙashi, wato ƙona sankara da hasken na'ura, idan a kai aka yi shi yana iya kashe saiwar wurin da hasken ya ratsa. Bai kamata mace ta daina irin wannan magani da kanta ba, domin cutar ta fi zubewar gashin haɗari. Wajibi ne ta tattauna da likitan da ke duba ta, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a wani wuri.

Likitan fata kan gane nau'in ta hanyar duba fatar kai, wani lokaci ya yanki ɗan ƙaramin yanki a kai ɗakin gwaji. Maganin shafawa na minoksidil yana taimaka wa saiwar da ke da sauran rai, amma ba ya tsirar da gashi a kan tabo.