Baƙar Annoba a Turai (1347–1351)

Baƙar Annoba cuta ce da ta afka wa Turai daga 1347 zuwa 1351, kuma masana tarihi na ƙiyasin ta kashe daga kashi ɗaya cikin uku har zuwa rabin mutanen nahiyar. Ƙuma ce ke ɗauko ƙwayar cutar daga jikin ɓera ta ciji mutum, amma fa ita ƙwayar sai 1894 aka ganota a Hong Kong, mutanen wancan zamanin ba su san da ita ba sam.

Jiragen ruwan 'yan kasuwar birnin Jenowa na Italiya ne suka kwasota daga Kaffa a gaɓar Kirimiya, suka sauka a Messina da ke tsibirin Sisili a Oktoban 1347, daga nan sai Marsai, sai Faransa gaba ɗaya, kafin damina ta 1348 ta ƙare ta shiga Ingila. Mutum zai kwana lafiya lau ya tashi da zazzaɓi, kaluluwa ta fito masa a hammata ko matsematsi ko wuya ta kumbura kamar ƙwai, cikin 'yan kwanaki an rasa shi. Maƙabartu suka cika har aka koma haƙa manyan ramuka ana jera gawa kan gawa. Ƙasashen Musulmi ma ba su tsira ba, a Tunis ta ɗauke iyayen masanin tarihi Ibn Khaldun duka biyu.

Likitocin jami'ar Paris cewa suka yi haɗuwar taurari ce ta gurɓata iska. Wasu kuma suka ɗora wa Yahudawa sharrin wai sun zuba guba a rijiyoyi, a birnin Strasbourg aka ƙone su da yawa a Fabrairun 1349, duk da Fafaroma Clement na 6 ya fito ya ce ƙarya ne tunda su ma cutar na kashe su. Wannan zalunci ne tsantsa.

Inda ta fi juya tarihi shi ne gona. Kafin annobar talaka a ɗaure yake da gonar ubangidansa, ba shi da bakin magana, to da mutane suka ragu sai ga gonaki birjik ba mai nomawa, ɗan ƙwadago ya fara cewa in ba a ƙara masa kuɗi ba zai tafi gonar wani. Sarki Edward na 3 na Ingila ya kafa doka a 1349, majalisa ta ƙarfafa ta a 1351, cewa lada ya tsaya yadda yake kafin annoba, amma masu gonakin da kansu ke karya dokar don kar amfaninsu ya lalace a gona. Da aka zo aka ƙaƙaba harajin kai, talakawa suka yi bore a 1381 ƙarƙashin Wat Tyler suka shiga Landan. An kashe shi, an murƙushe boren, duk da haka cikin ƙarni na 15 bautar gona ta kusa ɓacewa a Ingila.